Murhun itace na gwangwani don tafiya da kaya marasa nauyi: bango ɗaya ko bango biyu?

Ɗan Maƙera: Assalamu alaikum. Ga tsarin murhun itace na gwangwani biyu, wanda ake sakawa a jakar baya, na ajiye shi a nan don masana su duba su yi gyara. Amfaninsa shi ne matafiyi ba sai ya goya makamashi ba, inda ya yada zango nan zai tsinci ƙirare ya tafasa ruwansa.

Ana buƙatar gwangwanin ƙarfe guda biyu irin na abincin gwangwani. Babban shi ne mai ɗaukar giram 800, faɗin bakinsa milimita 99, tsayinsa wajen 118. Ƙaramin shi ne mai ɗaukar giram 400, faɗi 73, tsayi wajen 110. Idan ƙaramin ya shiga cikin babban za a sami rata ta milimita 13 a kewaye, kuma wannan ratar ita ce hanyar iska.

A kifa babban, gindinsa ya koma sama. A ɗora ƙaramin a tsakiya a zana kewayensa, sannan a zana wani da'irar a ciki mai faɗin milimita 60. Ta cikin ce ake yankewa a cire. Daga nan a tsattsaga bakin da almakashin kwano, tsaga bayan tsaga da tazarar milimita 8 zuwa 10, kowace ta tsaya dab da layin waje. A lanƙwasa haƙoran ciki, a tura ƙaramin gwangwanin ta gindinsa har leɓensa ya zauna a kai. Haƙoran nan su ne za su riƙe shi, ba walda ba ƙusa.

Huji kuwa iri uku ne, kuma a yi su kafin a haɗa. A jikin babban, kusa da gefen da zai taɓa ƙasa: huji 10 masu faɗin milimita 12. A gindin ƙaramin: huji 20 na milimita 4. A jikin ƙaramin ta sama, milimita 15 ƙasa da leɓe: huji 16 na milimita 6, wato tazarar wajen milimita 14 tsakaninsu. Duka da mazaunin tukunya nauyinsa na kai-komo a wajen giram 150 zuwa 180, gwargwadon kaurin gwangwanin.

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Aiki ya yi kyau, ƙanena. Amma wahalar da yawa a kan abin da gwangwani ɗaya zai yi. A ɗauki babban shi kaɗai, a huda shi ta ƙasa a kewaye, a yanke ƙofa ta saka itace a gefe, a yanke tagogi a sama don wuta ta fita, shi ke nan. Rabin nauyi, rabin aiki, kuma yana cin itace mai kauri da tsayi wanda ba zai taɓa shiga gwangwanin milimita 73 ba. Mutumin da ya yini yana tafiya ba shi da ƙarfin zama yana karya ƙirare gunduwa-gunduwa.

Ɗan Maƙera: Gaskiya ne Baba, ta fuskar sauƙi babu musu. Inda suka rabu shi ne hayaƙi. Mai bango ɗaya wuta ce kawai a cikin gwangwani, mai bango biyu yana ƙona hayaƙin nasa.

Ƙaramin Ɗalibi: Malam, a nan nake son ƙarin haske. Na ga ana cewa hayaƙin yana sauka ƙasa ne ta hujin gindi, ya bi tsakanin bangon biyu ya hau, ya fito ta hujin sama yana ci da wuta. Haka ne?

Injiniya: A'a ɗalibi, wannan bayanin ya bazu amma ba haka abin yake ba. Babu abin da zai ja hayaƙi mai zafi ya yi ƙasa a murhun da ba shi da fanka. Abin da ke bin tsakanin bangon iska ce zalla. Tana shiga ta manyan hujin waje, sai ta rabu biyu. Kaɗan ta bi hujin gindi ta ratsa itacen, mafi yawa ta hau ta ratar nan, jikin gwangwanin ciki yana ɗumama ta, ta fito ta hujin sama.

Shi itace in ya yi zafi, daga wajen digiri 250 zuwa sama, yana fara wargajewa ta hanyar fitar da iskar da ke kamawa da wuta: kabon monoksaid, haidurojin, mitan, da tururin kwalta. Wannan haɗin shi muke gani muna kira hayaƙi idan bai ƙone ba. A cikin gwangwanin ciki iskar da ke shigowa ta gindi ba ta isa ta ƙone shi duka, sai ya taso yana neman iska, ya tarar da ita a bakin hujin sama. Shi ya sa ake ganin kamar wuta ce ke fitowa daga kowane huji. A zahiri iska ce ke fitowa, tana ci a cikin hayaƙin da ya kewaye ta.

Irin wannan murhun daga sama ake kunna shi, wutar ta riƙa cin itacen tana sauka. Dabarar ba sabuwa ba ce. Thomas Reed a Amurka ya fara tunanin kunna itace daga sama a haka a 1985, kuma shi da Ronal Larson sun gabatar da murhu a kan wannan tsari a 1996. Paal Wendelbo ɗan ƙasar Norwe shi ma ya ɓullo da nasa, wanda aka yi aiki da shi a Yuganda a shekarun 1990. Murhun gwangwani biyu na matafiya ƙaramin ɗan'uwansu ne.

Malama Lissafi: Injiniya, tunda ka kawo rabon iska, bari a auna hujin Malam Ɗan Maƙera. Huji mai faɗin milimita 4 filinsa murabba'in milimita 12.6 ne, guda 20 sun ba da wajen 250. Na milimita 6 filinsa 28, guda 16 sun ba da wajen 450. Na waje, 113 sau 10, wato 1,130. Abu na farko ya yi daidai: ƙofar shiga ta fi jimillar na ciki, 1,130 a kan 700, don haka ba za a shaƙe murhun daga waje ba.

Inda nake da ja shi ne na gindi. Kilo 1 na busasshen itace yana buƙatar wajen kilo 6 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ake so ya bi ta gindi. Wato 1 a ƙasa, 3 a sama. A wannan tsarin rabon bai kai 1 da 2 ba. Ina ganin hujin gindi sun yi yawa.

Injiniya: Lissafinki daidai ne Malama, amma faɗin huji ba shi ne yawan iskar da ke wucewa ba. Iskar gindi sai ta kutsa ta cikin itace, ga toka da guntun gawayi na toshe wasu hujin tun ba a je ko'ina ba. Ta sama kuwa hanyarta a buɗe take. Idan aka huda daidai 1 da 3, a aikace rabon gindi sai ya ƙara raguwa, wutar ta yi sanyi, ta mutu da zarar an ɗora tukunya.

Malama Lissafi: To na yarda da batun toka. Amma a fara da huji 12 dai a gindi, a gwada, a ƙara. Huji ana ƙara shi, ba a rage shi.

Ɗan Maƙera: Wannan shawarar na karɓe ta. Ga yadda mutum zai gane inda matsalar take daga kallon wutar. Idan harshen ya yi tsawo, ja-ja, bakinsa na fitar da baƙin hayaƙi, kuma itacen ya ƙare cikin ƴan mintuna, iskar gindi ta yi yawa ko ta sama ta yi kaɗan. A ƙara hujin sama, ko a shimfiɗa ɗan guntun kwano a gindi ya rufe wasu. Idan kuma wutar na lilo, tana ɗaukewa tana dawowa, farin hayaƙi na biyo baya, iskar gindi ce ba ta isa ba, ko itacen ɗanye ne. Wuta mai kyau gajera ce, launin rawaya mai haske, ta haɗe a tsakiya ta rufe bakin gwangwanin.

Baba Mai Walda: Tunda kun nace da biyu, a yi shi da kyau. Gwangwani siriri ne, kaurinsa wajen milimita 0.2, bakin injin huda na yau da kullum yana cafke shi ya yage ko ya murɗe shi. A fara buga ƙusa a kowane wuri don baki ya sami mazauni. A cusa guntun katako mai zagaye a ciki ya tokare, ko a cika gwangwanin da yashi mai ɗan laima a danne. Wasu na cika shi da ruwa su daskarar, yana aiki, amma ƙanƙara na kumbura gindin, sai an sake buga shi ya kwanta. Na milimita 12 kuwa sai baki mai hawa-hawa, mai kama da matakala, shi ne ba ya yaga.

Hujin sama a huda su daga waje zuwa ciki. Bayan an gama a saka ƙusa mai kauri a kowanne a karkata ta gefe guda, dukansu ɓangare ɗaya. Iskar sai ta shiga a karkace tana juyawa, ta fi gauraya da hayaƙin. Sannan a bi duk bakin da aka yanka da magagari, kuma a sa safar hannu ta fata. Yankan gwangwani ya fi na wuƙa muni don bakinsa ba a miƙe yake ba.

Wani abu da ake mantawa: wurin da haƙora suka riƙe ƙaramin gwangwanin. Idan tsagar ta wuce layi, za a bar ƙofofi a saman, iskar da ta ɗumama ta tsere ta nan maimakon ta shiga hujin sama. A ɗaga murhun a haska fitila ta ƙasa. In haske na fita ta kewayen leɓe, a matse haƙoran da filaya ko a sake da wani gwangwanin.

Mai Jakar Baya: Baba, ka manta gindin. An kifa babban, buɗaɗɗen bakinsa na ƙasa, kuma tsakanin gindin ƙaramin da ƙasa milimita 8 ne kacal. Toka mai zafi da garwashi za su zubo kai tsaye a kan ƙasa.

Baba Mai Walda: Ka yi gaskiya. Maganinsa tun wajen buɗe gwangwanin ne. A buɗe shi da mabuɗin da ke yanka ta gefen leɓe, ba wanda ke yanka ta sama ba. Murfin zai fita da leɓensa, kuma yana komawa ya zauna daram, ya zama farantin toka. In ba a samu ba, a yanki faranti daga wani gwangwanin da ya fi faɗi. Ko da farantin, ƙasan na zafi sosai, don haka a kan dutse ko tsurar ƙasa ake ajiye shi.

Malama Lissafi: Milimita 8 ɗin ta ishi iska, don kewayen ƙaramin 229 ne, sau 8 ya haura 1,800. Toka ce matsalar. In za a yi girki mai tsawo sai ta cika wurin. Wanda ke son sarari ya tura ƙaramin bai kai ƙarshe ba, ya bar milimita 5 a sama, amma sai ya sauke layin hujin sama da milimita 5 don kada haƙora su rufe su.

Ƙaramin Ɗalibi: Tukunyar fa, a kan bakin murhun ake ɗora ta?

Injiniya: Ko kusa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan murhun, mutum ya gama aiki mai kyau sannan ya toshe shi da tukunya. Duk abin da ya tashi daga bakin gwangwanin sai ya sami hanyar fita ta gefe wadda ba ta gaza faɗin bakin ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce, tazarar kada ta gaza kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin bakin. Ga baki mai 73, milimita 18 ke nan, kuma wannan idan babu abin da ya tare gefen. Tunda mazaunin tukunya na tare wani ɓangare, a ba shi 25 zuwa 30. In ya haura 50, iska na kwashe zafin kafin ya taɓa tukunya.

Akwai dalili na biyu. Gindin tukunya mai ruwa ba ya wuce digiri 100 da yawa, sanyi ne ƙarara in an gwada da harshen wuta. Duk inda harshen ya taɓa shi kafin ya gama ci, sai ya mutu a wurin ya bar baƙi. Tazarar na ba wutar wurin da za ta ƙarasa.

Mazaunin a yi shi da gwangwani na uku mai faɗin wajen milimita 85. A cire sama da ƙasa, a yanke zobe mai tsayin milimita 45, a yanke manyan tagogi uku a rabinsa na sama a bar ƙafafu uku masu faɗi. Taga ɗaya a zurfafa ta har kusan ƙasa, ta nan za a riƙa jefa itace ba tare da an sauke tukunya ba. Rabin ƙasa da ba a yanke ba yana ƙara wa murhun ja, yana kuma kare hujin sama daga iska.

Hajiya Mai Tanti: Kafin a wuce wajen kayan aiki, a ja kunnen masu son yin mazaunin da ragar waya. Yawancin ragar da ake samu an shafe ta da tutiya, haka ma kwanon rufi da bokitin ƙarfe mai ƙyalli. Tutiya na narkewa a digiri 420, kuma a zafin garwashi tana fitar da farin hayaƙi wanda shaƙarsa ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki da ƙuncin ƙirji bayan wasu sa'o'i. A guje ta. Gwangwanin lemo kuma alminiyam ne, yana narkewa a digiri 660, wutar itace na wuce haka. Maganaɗisu zai raba gardama: in bai kama ba, ba gwangwanin ƙarfe ba ne.

Su kansu gwangwanayen abinci akwai shafen roba a cikinsu, wasu da fenti a waje. Wutar farko a yi ta a fili, ba tukunya, mutum ya tsaya ta inda iska ke fitowa, a bar ta ta ci har warin ya ɗauke. In bai ɗauke ba a sake.

Mai Jakar Baya: Ni dai tambayata ta nauyi ce, tunda shi ne dalilin duk wannan. Ƙaramar tukunyar gas mai giram 100 a ciki nauyinta a cike wajen giram 200 ne, kan murhunta kuma akwai mai ƙasa da giram 100. Rabin lita na cin gas wajen giram 7 in babu iska, wato tafasa 13 ko 14. Ga tafiyar kwana biyu ko uku, bambancin giram 100 ne, kuma gas na kamawa nan take, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Ina ribar?

Malama Lissafi: Ribar na zuwa ne da tsawon tafiya, Yaya. Nauyin gas na ƙaruwa da kwanaki, na gwangwani yana nan yadda yake ko wata za a yi. Sannan ba a shiga jirgin sama da tukunyar gas, ko a hannu ko a kaya, sai an sauka a nemo, kuma ba ko'ina ake samun mai bakin da ya dace ba. A tafiyar kwana biyu kam kana da gaskiya.

Ga lissafin itacen don a san abin da ake tsammani. Ɗaga lita 1 ta ruwa daga digiri 20 zuwa 100 na cin kilojul 335 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Itacen da ya bushe a iska na ba da wajen kilojul 15 a kowane giram. Da duk zafin na shiga tukunya, giram 22 ya isa. Mu ɗauka kashi ɗaya cikin biyar ne ke shiga, sai ya zama giram 110. Shi kuma ƙaramin gwangwanin, in an cika shi zuwa santimita 1 ƙasa da hujin sama, wurin wajen mililita 340 ne, ƙirare giram 70 zuwa 80 ke nan. Ciko ɗaya na rabin lita ne. Lita guda sai an ƙara itace a hanya.

Baba Mai Walda: Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Da zarar an fara ƙara itace daga sama, tsarin "kunna daga sama" ya rushe, ya koma wuta a gwangwani irin tawa.

Injiniya: Rabi ya rushe Baba, ba duka ba. Abin da ya tafi shi ne cin itace daki-daki daga sama zuwa ƙasa. Amma hujin sama na nan suna zuba iska mai zafi, don haka hayaƙin sabon itacen na samun mai ƙone shi, muddin akwai harshen wuta lokacin da aka jefa shi. Sharaɗin shi ne guda ɗaya ko biyu a lokaci guda. Aka watsa cikin hannu gaba ɗaya, zafin ya faɗi, wutar ta mutu, hayaƙi ya turnuƙe. Amma zan ba ka wannan: ga mai dafa wa mutum uku ko huɗu, ko mai girkin minti 40, naka mai ƙofa a gefe ya fi dacewa, don ana tura dogon itace a hankali. Wannan tunanin ne Larry Winiarski ya inganta a farkon shekarun 1980 ya zama murhun roka, sai dai shi yana son doguwar hanyar wuta mai rufin da ke riƙe zafi, abin da ke sa shi nauyi ga mai jakar baya.

Ɗan Maƙera: Bari in kawo yadda ake cikawa da kunnawa, don rabin masu cewa murhun bai yi ba a nan suke faɗuwa. Ƙirare daga kaurin fensir zuwa kaurin babban yatsa, a karya su santimita 5 zuwa 6 don su kwanta a ciki. Masu kauri a ƙasa, sirara a sama. A girgiza gwangwanin su zauna, kada a danna su da ƙarfi. A tsaya santimita 1 ƙasa da hujin sama, duk itacen da ya haura su hayaƙi zai yi. A kan su a ɗora ƴan siraran tsinke kamar ashana da abin kunnawa, a kunna daga sama. A jira minti 1 ko 2 har saman ya kama ko'ina kuma an ga wuta a bakin huji, sannan a ɗora tukunya, da murfinta.

Gwajin bushewa: a karya. In ya karye da ƙara, ya yi. In ya lanƙwashe ko ɓawon ya riƙe, a jefar. Busasshen reshen da ya maƙale a sama bai taɓa ƙasa ba ya fi wanda ke kwance a ƙasa. Bayan ruwan sama a tsaga mai kauri da wuƙa a yi amfani da cikinsa. Ruwan da ke cikin itace sai ya ƙafe kafin itacen ya ci, kuma kowane giram na ruwa na cinye fiye da kilojul 2, ga tururin na sirka hayaƙin har ya ƙi kamawa.

Abin kunnawa a taho da shi daga gida: dunƙulen auduga da aka mulke da man basilin, ko igiyar auduga da aka tsoma a narkakken kyandir. Fetur ko kananzir kada a kusanto da su, musamman a kan murhun da ya riga ya yi zafi.

Ƙaramin Ɗalibi: In wutar ta mutu a tsakiya, hayaƙi na ta fita fa?

Ɗan Maƙera: Wannan hayaƙin makamashi ne, yana jiran wuta. A sauke tukunya, a kawo ashana mai ci bakin gwangwanin, zai kama fuf. A kawar da fuska. In ya ƙi, a hura a hankali ta sama har garwashin ya yi ja, a sa siraran tsinke biyu ko uku.

Hajiya Mai Tanti: Magana mafi nauyi a nan ita ce ta tanti. Rashin hayaƙi na ruɗar mutane su ɗauka murhun ya halatta a ciki. Bai halatta ba, ko a bakin ƙofa. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Lokacin da ya fi fita shi ne ƙarshe, sa'ad da harshen rawaya ya ɗauke, gawayi ya rage yana ci shiru da ɗan shuɗin haske. Lokacin ne kuma mutum ke sha'awar jawo shi ciki don ɗumi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, su ne alamun farko, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya.

Sai gobara. A share busasshen ganye da ciyawa aƙalla mita 1 a kewaye. Ruwan kashewa ya kasance a kusa kafin a ƙyasta ashana. Bayan an gama a jiƙa tokar, a motsa, a sake jiƙawa, a taɓa da bayan hannu. Rufe garwashi da ƙasa ba kashewa ba ne, yana iya kwana yana ci. A kuma bincika dokar wurin kafin a tashi: a Amurka, alal misali, idan aka sa dokar hana wuta a dazuzzukan gwamnati lokacin fari, yawanci murhun da ke da makunnin kashewa kawai ake bari, na itace na cikin waɗanda aka hana. Wasu wuraren kuma tsintar itacen kanta aka hana.

Itacen da ba a sakawa: katako mai fenti, falanki mai gam, da katakon da aka jiƙa da maganin gara, don wani irinsa na ɗauke da gubar asinik.

Mai Jakar Baya: Na gode Hajiya. A ƙara da cewa a kan dutse mai tsawo, inda itatuwa suka ƙare, murhun ya zama kaya kawai. Ruwa ma na tafasa da wuri a can, digiri 1 na raguwa a duk mita 300, a mita 3,000 yana tafasa a wajen 90. Masu irin wannan tafiyar su riƙe ƙaramin murhun barasa, wato mai ƙona sifirit, na ko-ta-kwana, yana zama a cikin gwangwanin ciki, mazaunin tukunya ɗaya ya yi musu duka.

Iska fa? Na ga ba a taɓo kariya ba.

Injiniya: Iska ta fi komai cin zafi. Kariyar a yi ta da alminiyam mai ɗan kauri irin na farantin gashi, tsayinta ya kai rabin tukunya, ta kewaye kashi uku cikin huɗu, a bar santimita 3 zuwa 4 tsakaninta da murhun don kada ta narke ko ta toshe hujin ƙasa. Buɗaɗɗen gefen ya juya wa iska baya, kuma tagar saka itace ta kalli can. Tukunya mai faɗi gajera ta fi doguwa siririya kama zafi, don a kan siririyar wutar na bin gefe ta wuce. Mai faɗin santimita 11 zuwa 12 ta yi, kuma in zurfinta ya kai 12 murhun duka na shigewa cikinta. A sa shi a jakar ƙyalle tukuna, ita ma tukunyar da tata jakar, in ba haka ba baƙin zai bi duk kayan da ke jaka.

Ƙaramin Ɗalibi: Baba, gwangwanin zai daɗe kuwa? Ko a yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa tun farko?

Baba Mai Walda: Ba zai daɗe ba, yaro. Wutar farko na cinye shafen da ke kare shi, daga nan tsatsa ta samu ƙofa. Na ciki ne ke fara mutuwa, gindinsa ya yi laushi ya ɓurme, na waje na iya cinye na ciki biyu ko uku. Abin da ke gaggauta shi toka ce mai laima, don haka a zazzage a goge kafin a ajiye, kuma kada a watsa wa murhun ruwa yana da zafi, a juye garwashin a kashe shi a waje.

A fara da gwangwani har a gane yawan hujin da ya dace, sannan a kwafe awon a kan ƙarfe mara tsatsa. Kofuna biyu ko mazuban cokula masu shiga juna suna yi, muddin ratar ta kai milimita 10 zuwa 15. Hudarsa daban ce: injin ya juya a hankali, a danna da ƙarfi, a ɗiga mai, a yi amfani da baki mai haɗin ƙarfen kobal. In aka bar bakin na gudu yana shafa ba ya ci, wurin na taurare, bakin ya ƙone, hujin ya gagara. A kuma lura da kauri. Faranti mai santimita 10 da 13, kaurin milimita 0.5, giram 51 ne, guda huɗu na bangon murhu mai kusurwa huɗu sun haura 200 tun ba a sa gindi ba. Milimita 0.3 ya isa, amma zai ɗan karkace bayan wuta, a daidaita shi da hannu in ya huce.

Malama Lissafi: Baba, in aka canza girma a riƙe rabon, kada a kwafe adadin. Gwangwanin ciki mai faɗin milimita 99 filin bakinsa ya kusa ninka na 73 sau biyu, don haka jimillar filin huji ma sai ta kusa ninkawa: na sama wajen 830, wato huji 22 na milimita 7, tazarar tukunya kuma ta tashi daga 25 zuwa wajen 35.